Manomin Ƙubba

An gargaɗe ni kafin in yi ɓarnar, wannan kam ba zan ɓoye ba. Wanda ya gargaɗe ni shi ne mutumin da nake yi wa jinjina a yau. Ya yi gargaɗin ne da safiyar wata Alhamis, yana durƙushe a gindin ƙubba yana duba igiyarsa, ni kuwa ina tsaye a kansa da buƙatar da na ƙi faɗa masa dalilinta. Da na ji maganarsa a ranar, da gidana bai yi shirun da ya yi ba.

Amma bari in fara da igiyar, tunda shi ma da ita yake fara kowace rana.

Usta Berdiyor yakan fito daga gida bayan sallar asuba, idan gari ya ɗan yi haske. Rabin gurasa a aljihu, koren shayi a gora, jakar fata a kafaɗa. Idan ya isa farfajiyar tsohuwar makarantar da ke bakin unguwarmu a nan Samarkand, sai ya shimfiɗa igiyarsa a ƙasa, ya rufe ido, ya bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan. Ya ce ido yana yi wa igiya kara, shi ya sa ba ya tambayarsa. Daga nan sai ya shige ƙaramar ƙofar da ke jikin bango, ya bi matsattsen matakalar da ke murɗawa a cikin duhu, ya ɓullo can sama inda iska ke da sanyi ko da rani. Ya ɗaura igiya a ƙarfen tsororuwa, ya ɗaura a ƙugunsa, ya yi bisimilla, ya zuro kansa a hankali a kan shuɗin tangaram, kamar ɗigon ruwa a bayan ƙwarya.

Aikinsa cire ciyawa ne. Tantabaru da iska suna kai iri can sama, ruwan bazara ya jiƙa shi, sai ka ga tsiro ya leƙo daga tsakanin bulo da bulo. Daga ƙasa abin yana da kyau, har masu ɗaukar hoto suna sonsa. Amma saiwa tana shiga, tana buɗa, sanyi ya zo ƙanƙara ta ƙarasa, wata rana a wayi gari tangaram ɗin da ya shekara ɗari biyar a wurinsa ya faɗo ya tarwatse. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana hana hakan faruwa, a kan wannan ƙubba da wasu guda shida a cikin gari. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, saboda gwiwa ta ce ta gaji. Babu allo ko ɗaya a jikin gine-ginen nan da ke ɗauke da sunansa.

Ba ya tuge ciyawa. Wannan ne abu na farko da duk wanda ya taɓa aiki tare da shi yake faɗa. Idan ka fizge ta, saiwar takan fito da bulon. Shi sai ya yanke ta a wuya, ya zura wata siririyar ƙugiya da ya ƙera da kansa, ya riƙa murɗa saiwar yana lallashinta, wani lokaci rabin sa'a a kan tsiro ɗaya, har ta saki. Sa'an nan ya toshe ramin da yatsa. Mutanen da ke zaune a rumfar shayi suna ganinsa tun safe a wuri guda, su ce ko barci yake yi. Ergash mai aski shi ya laƙaba masa Manomin Ƙubba, yana cewa bai taɓa ganin manomin da ya shekara arba'in yana noma gona ɗaya bai kawo ko damin gero gida ba. Usta yakan amsa masa da cewa aikinsu ɗaya ne, su biyun suna aske kawunan da ba sa godiya, sai dai nasa kwastoman ba ya motsi kuma ba ya gulma.

Ni Tursunali, mai gadin sito ne a tashar jirgin ƙasa. Aji takwas na yi na bar makaranta. Ban san komai game da zane ba, kuma abin da zan faɗa a kansa nan gaba, daga bakin mutum biyu na tsinto shi. Ɗaya shi ne Usta. Ɗayar 'yata ce, Durdona, ita kaɗai Allah ya bar mana.

Tana shekara shida aka fara kai ta makaranta, kuma hanyar ta gindin ƙubbar take bi. Yarinya ce mai tsayawa. Uwarta, Latofat, takan ja ta da hannu, ita kuwa wuyanta a karye tana kallon mutumin da ke lilo a sama. Wata rana ya leƙo ya tambaye ta ko wane launi ƙubba take a yau. Ta ce kok. A harshenmu kalma ɗaya muke da ita, ita ce shuɗi, ita ce koren ciyawa, ita ce shayin da muke sha, ita ce sararin sama, kuma ita ce tufafin da mata ke sawa idan an yi musu rasuwa. Ba mu taɓa ganin wani abin mamaki a hakan ba. Usta ya ce bai karɓi amsar ba. Ya ce shi ma kok yake cirewa daga jikin kok a ƙarƙashin kok, to idan duk ɗaya ne me ya kawo shi nan da igiya? Ta je ta sake dubawa.

Washegari ta ce launin rigar malamarsu. Ya ce an fara. Jibi ta ce launin ƙwan tsuntsun da ya faɗo a tsakar gidanmu. Haka suka yi ta yi, kowace safiya, shekara goma sha ɗaya. Uwarta tana dawowa tana ba ni labari muna dariya: yau ƙubba launin jijiyar hannun kaka ce, yau launin hayaƙin itacen inabi, yau launin ruwan kwata bayan an wanke bula. Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, ta ce masa ƙubba ta yi launin shiru. Ya ce ta wuce kada ta makara.

Shi ne ya gaya mata maganar ɓacewar ƙubba. Ya ce waɗanda suka gina ta ba don ado suka zaɓi wannan launi ba. Sun so ne ido ya rasa inda aikin ɗan Adam ya ƙare, inda na Ubangiji ya fara. Ya ce a cikin bazara akwai wasu 'yan kwanaki, da hantsi, idan an yi ruwa jiya kuma yau gari ya washe, da launin sama da na tangaram sukan zo daidai, ba ƙari ba ragi. A wannan ɗan lokaci, da bai wuce shan kofin shayi ɗaya ba, gefen ƙubba yakan narke. Na ƙasa ba sa lura, don suna sauri. Shi kuwa da ke sama sai ya duba tsakanin ƙafafunsa ya ga babu komai, ya duba bisa kansa ya ga babu komai, yana zaune a kan iska, tantabaru suna wucewa ta ƙarƙashinsa, muryoyin kasuwa suna tasowa kamar daga wata duniya. Ya ce a irin wannan lokaci ba ya aiki, ba ya addu'a ma, yakan saki hannu ne kawai ya bar igiya ta riƙe shi. Da aka ba ni labarin na ce jiri ne, ya rage hawa da yunwa. Durdona ba ta ce jiri ba ne.

Kai ne, Usta, ka buɗe wa yarinyar nan ido tun kana rataye tsakanin sama da ƙasa, ba allo ba alli. Malamanta na Tashkent suna da takardun shaida a bango. Kai ko sunan launukan da suke faɗa ba ka sani ba, amma ita da bakinta ta ce duk abin da suka koya mata ƙari ne a kan tambayarka.

Ta tafi Tashkent makarantar zane, ta yi shekara biyar, ta dawo da manyan ƙyallaye da aka ɗaure a kan katako. Na zaci zan ga hoton mutane, ko doki, ko aƙalla ƙubbar gaba ɗayanta yadda ake sayar wa baƙi. Babu. A wani, layi ne guda ya lanƙwasa daga kusurwa zuwa kusurwa, wannan gefe shuɗi, wancan gefe ma shuɗi. A wani, inuwar baka ce ta ƙofa ba tare da ƙofar ba. A wani kuma 'yan murabba'ai ne jere kamar bulo, suna dusashewa har su zama ba komai. Ta yi ƙoƙarin yi mini bayani. Ta ce ba gini take zanawa ba, abin da gini ke yi wa mai kallonsa take zanawa. Ta ce magini yana kewaye fanko da bango don mutum ya ji fankon, ita ma haka take yi da fenti. Na ce to madalla. Uwarta ce takan ɗauki kujera ta zauna gaban zanen tana tsince shinkafa, ta ce ita dai yana sanyaya mata ido.

Latofat ta rasu a kakar shekarar da ta wuce waccan, bayan jinyar wata uku. Durdona ta sa shuɗin makoki kamar yadda ake yi. Da shekara ta zagayo, aka dafa osh, shinkafarmu ta taro, aka ciyar da unguwa, manyan mata suka taru, yayata Mashhura ta cire mata shuɗin da hannunta ta sa mata farar riga mai ƙananan furanni. Daga ranar an sauke makoki ke nan. Kowa ya san haka.

Sai dai ɗakin da take aiki bai sauke ba. Tun bayan rasuwar ta kafa wani ƙyalle da ya fi ƙofa tsayi, ya kusa cika bango, tana ta shafa masa shuɗi a kan shuɗi. Ta shafa, ta jira ya bushe, ta sake shafawa. Wata goma sha bakwai. An ce za a kai shi baje kolin zane a Tashkent, kuma wannan ne karo na farko da aka gayyace ta da sunanta. Ni abin da nake gani daban. Ina ganin 'yata ta rame, tana mance abinci, tana fitowa da farar riga amma hannuwanta shuɗi har gwiwa. Idan na leƙa ɗakin sai in ga kamar an rataye wata ƙatuwar rigar makoki wadda ta ishi gidan duka ya sa. Ina tsaye a bakin aiki jiragen ƙasa suna wucewa, zuciyata tana can. Na rasa uwar, ina tsoron shuɗin nan zai ja mini 'yar.

Mashhura ce ta faɗi abin da ke raina. Ta zo ta leƙa, ta fito tana girgiza kai. Ta ce an sa wa yarinya fari an bar abin da ta fi so cikin shuɗi, ta yaya makoki zai fita daga gida? Ta ce mamaci ma ba ya samun hutu idan ana riƙe shi haka. Ta ce a sa wa zanen fari shi ma, yarinya za ta yi kuka kwana biyu ta warke, kamar yadda kowa ke yin kuka ranar cire shuɗi. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ni ma ba da mugunta na ji ba, kuma a kunnena maganar ta zauna daidai.

Wannan ce buƙatar da ta kai ni gindin ƙubba a safiyar Alhamis ɗin. Na san Usta yana da babban buroshi da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa a ɗakin kayansa. Na ce ya ara mini. Bai buɗe ido ba, yatsunsa suna kan igiya. Ya tambaye ni wane bango, tunda ya san na yi wa gidana shafe kafin sadakar shekara. Na ce wani ɗan wuri ne ya rage.

"Tursunali," ya ce, "farar ƙasata mai zafi ce, tana ci. Ka tabbata abin da za ka shafa wa bango ne."

Na ce bango ne, yaya. Ya ce in ɗauka, ƙofa a buɗe take.

Alhamis ce ranar da Durdona ke zuwa kabarin uwarta. Na fito da zanen tsakar gida, na jingina shi a ƙarƙashin rumfar inabi. Da rana ta taɓa shi sai na ga wani abu da ban taɓa gani a cikin ɗaki ba: ashe ba shuɗi ɗaya ba ne, akwai wani layi a ciki, mai lanƙwasa, idan ka dube shi kai tsaye ba ya nan, idan ka kau da kai sai ya dawo. Hannuna ya tsaya. Sai na ce wa kaina wannan ma alama ce, abin yana da jan hankali, haka yake jan nata. Na yi bisimilla na fara daga sama. Ban tsaya ba sai da ya zama fari fat.

Ta shigo da la'asar. Ta tsaya a bakin ƙofa da butar da take kai wa kabari ruwa. Na shirya jawabi, na fara, na ce an sauke makoki 'yata, uwarki ma za ta so haka. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na ji sauƙi. Ta ajiye butar a hankali, ta dubi zanen, ta dube ni, ta ce, "Baba, sauran kwana tara a zo ɗaukarsa." Ta shiga ɗaki ta rufe. Daga wannan kalma ba ta sake ce mini komai ba. Da safe na tarar ta tattara buroshinta duka da kwalayen fenti ta zuba a buhu ta ajiye a bakin shara.

A nan ne na gane, kuma irin ganewar da ke sa mutum ƙara ɓarna. Na jawo tiyo zan wanke. Allah ya sa ruwan unguwa bai zo ba a safiyar. Ina tsaye ina murɗa famfo sai ga Usta ya shigo karɓar buroshinsa, wai tun jiya ransa bai kwanta ba. Ya dubi farin ƙyallen, ya dubi buhun da ke bakin shara, ya dubi tiyon da ke hannuna. Ya ce in ajiye shi. Ya ce ruwa yana tashin farar ƙasa daga barci, idan na jiƙa ta za ta cinye abin da ya rage. Ya ɗauki buhun da kansa ya kai shi ƙarƙashin gadon tsakar gida ya tura ciki.

Na fara kare kaina. Na ce masa makoki ne, yaya, da ka gan shi da idonka da ka ce makoki ne. Ya ce ya gan shi, ta taɓa kiransa ya duba sau uku. Ya ce ɓacewar ƙubba take nema, tun tana 'yar shekara tara take nemanta, kuma a ganinsa na ƙarshe ta kusa kama ta. Na ce to ashe ba makoki ba ne, na yi asara a banza. Ya zauna a bakin gado yana murza gwiwarsa.

"Wa ya ce maka ba makoki ba ne? Wataƙila shi ne ma. Mutum yana neman inda abu yake ƙarewa ya shiga sama, kana tsammanin tangaram kawai yake nufi? To ko da shi ne, ƙanena, rigar jikinta kuka ba ta, kuna da ikon cirewa. Wannan ita ta ɗinka."

Ya ce in kawo masa gurasa mai laushi, ta yau, da gashin tantabara, da tsinken itacen inabi.

Ashe ya taɓa yin irin aikin. Yana saurayi an sa shi cikin masu tono wani tsohon zanen furanni a barandar wani masallaci, wanda aka shafe da farar ƙasa a zamanin da. Ya ɗauki hutun da ya tara bai taɓa ci ba, a watansa na ƙarshe, lokacin da ciyawar bazara ta fi yawa kuma ransa yana can sama. Kowace safiya sai ya zo gidana maimakon ƙubba. Ya kwantar da zanen a kan gado a inuwa, ya durƙusa a kan gwiwar da likita ya ce kada ya durƙusa a kanta. Ya sa tsinke ya ɗaga ɓawon farar ƙasa, ɗan ƙarami kamar farcen jariri, ya share da gashi, ya mulmula cikin gurasa ya danna ya ɗebe ƙurar. Wurin da fenti ya daɗe da bushewa, farin yana sakin sa lafiya, shuɗin ya fito kamar ido ya buɗe. Wurin da fenti sabo ne, sun riga sun cuɗe, ya ƙone ya zama ruwan toka. Idan ya iso irin wannan wuri sai in ji ya ja numfashi.

A yini guda yakan buɗe faɗin tafin hannu biyu, wani lokaci uku. Inuwar ganyen inabi tana yawo a kan farin, tantabarun maƙwabta suna sauka cin ɓarɓashin gurasa, shi kuma yana ƙasa-ƙasa da wata waƙa da ba ta da baiti. Idan na dawo daga aiki na tsaya daga nesa, sai in ga kamar dusar ƙanƙara ce take narkewa a kan wani tafki, nan rami, can rami, ruwa yana leƙowa. Mashhura ta zo ta ce wannan wane irin wahalar da tsoho ne a kan tsumma. Ya ce mata, yaya, ke da kika iya sa wa mutane fari, zo ki koyi cirewa, ga tsinke. Ta tafi, amma washegari ta aiko masa da miya.

Bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Durdona ba. Na roƙe shi ya yi mata magana, ya ce ba shi da abin faɗa mata. Da safe idan ya shigo yakan ce salamu alaikum masu gida, da ƙarfi kaɗan, shi ke nan. Kwana tara suka cika, motar baje koli ta zo ta koma ba komai. Na zaci zai daina, tunda amfanin ya wuce. Ya dawo a rana ta goma da sabuwar gurasa. Ni dai na lura labulen tagarta ya daina rufuwa duka.

A rana ta goma sha uku ina gida. Ya buɗe kusan kashi biyu cikin uku, saura wani fari mai faɗi a sama ta hannun dama, daidai inda layin nan yake wucewa, da wasu tsibirai nan da can. Ya kai tsinke gefen babban farin ke nan sai ƙofa ta buɗe. Ta fito ba takalmi. Ta zo ta tsaya a kansa, ta daɗe, har na ji ƙarar ƙudan zuma a cikin inabi. Sa'an nan ta sunkuya ta riƙe wuyan hannunsa.

"Baffa, bar nan. Kada ka taɓa wannan."

Ya ce akwai sauran shuɗi mai kyau a ƙarƙashi, yana jin sa a tsinke.

"Na sani. Ni na sa shi. Bar shi a rufe."

Ya ajiye tsinken. Ta ce ya kama mata wancan gefe, suka ɗaga zanen su biyu, na matso zan taimaka, ta ce su biyu sun isa. Suka shigar da shi ɗaki. Da ta fito raka shi, sai ya nuna mata ƙarƙashin gado da haɓa, ya ce akwai wani buhu da ya tsinta, bai san mai shi ba. Ta ja shi ta shige da shi. Shi kuma ya kakkaɓe wandonsa, ya ce mini ciyawa ta yi kwana goma sha uku tana dariyarsa, ya tafi yana ɗingishi.

Usta Berdiyor, maƙwabcin tantabaru, kai ne ka ara mini buroshi ka kuma zo ka durƙusa a kan laifina, ba ka taɓa cewa ai na faɗa maka ba. Kai ne ka ba da kwanakinka na ƙarshe a sama, waɗanda ba za su dawo ba, ka zauna a tsakar gidan mai gadin sito kana tsince ɓawo da tsinke. Waɗanda ke zuwa daga nesa su ɗaga kai su ce masha Allah, ba su san hannunka suke yaba wa ba. Ni na sani yanzu, da tsada na sani. Na gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka ga jikokin jikokinka.

Ga sauran mutanen gari, roƙona kaɗan ne. Wanda zai gaji igiyar nan, ya je ya zauna da tsohon tun yana da ƙarfin nunawa, don abin da ya sani ba a rubuce yake ba. Iyaye irina kuma, masu tsoro, waɗanda 'ya'yansu ke yin abin da ya fi ƙarfin karatunsu, ku yi koyi da shi a abu ɗaya: ku tambayi yaro me yake gani, ku tsaya ku ji amsar, ko da za ta ɗauki shekara goma sha ɗaya.

Yau kwana goma da shigar da zanen ɗaki. Durdona tana cin abinci tare da ni, tana zuba mini shayi, jiya har ta ce in rage gishiri. Maganar zanen ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba. Da hantsi takan shiga ɗakin ta rufe, ina jin warin fenti ta ƙarƙashin ƙofa. Ko gyara abin da ya ƙone take yi, ko wani abu dabam take ginawa a kan farin da na shafa, ko kuwa rufe sauran take yi, ban sani ba. Na tambayi Usta, ya ce shi ma ba ta kira shi ba. Kuma ban sani ba ko ranar da ta gama za ta bar ni in gani.